Tarakta ɗaya za ta iya riƙe mana aikin gari rani da damina?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya, ina aiki a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma a nan Kebbi, kuɗin gireda ya fi ƙarfinmu, shin in mun sayi tarakta ɗaya za ta iya gyaran hanya da yankan ciyawar filin ƙwallo da wurin shaƙatawa duk shekara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Za ta iya sosai, amma fa kar ku zuba kuɗin duka a kan taraktar ku manta da kayan da ake ɗaura mata, don su ne ke yin aikin, ita ja kawai take yi da juya su. Mai ƙarfin doki 75 irin Massey Ferguson 375 ta ishe ku, kuma na fi son ta ne saboda kanikawanmu daga Birnin Kebbi har Jega sun san cikinta, safaya ma ba ta wuya.

Da damina ku ɗaura mata injin yankan ciyawa, wanda sandar PTO ta baya, wato sandar da ke kai ƙarfin injin taraktar ga kayan da aka ɗaura, ke juyawa sau 540 a minti ɗaya, in kuma kun samu cokalin gaba to kwashe yashin da ruwa ke tarawa a bakin kwalbati ya zo da sauƙi, sai tirela ta kwashe shara. Shi gyaran hanyar jan ƙasa ku bari sai ruwa ya fara janyewa wajen Oktoba, ƙasa na da sauran danshi, a lokacin ne reza, wato faffaɗan ƙarfen kankare hanya da ake ɗaura wa taraktar, ke yanka da kyau, ku bar tsakiyar hanya da ɗan tudu ruwa ya riƙa gangarewa gefe, in ba haka ba ruwan farko na baɗi zai maido ramukan nan. Da rani tankin ruwa za ta ja, ban ruwan itatuwa da kwantar da ƙura. Kwalta kam ba aikinta ba ne, sai dai ta kai kayan cike rami.

Hunturu ne abin tsoro. Ƙurar nan na toshe matatar iska da lagireto, direba ya duba su kullum da safe, giris kar ya yanke, baƙin mai kuma a canza bisa awoyin da littafin kamfani ya faɗa ba sai ya yi baƙi ƙirin ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne bada ta haya ga manoma a Yuni da Yuli, daidai lokacin da lambatu ke cikewa, don Allah ku rubuta dokar wannan tun kafin a kawo ta.