Tambaya da Amsa: Shin Kwamfutar Chromebook Ta Cancanci Kuɗinta a Makaranta da Gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Zariya. Ƙungiyar iyaye da malamai ta tara mana kuɗi domin mu buɗe ɗakin kwamfuta, sai wani ɗan kasuwa ya kawo mana tayin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake kira Chromebook, na hannu, waɗanda ya ce daga makarantun Amurka aka fito da su. A lissafinsa, kuɗin da zai saya mana guda 20 masu Windows zai saya mana guda 40 na irin wannan. Wasu malamaina sun ce mu yi maza mu karɓa, wasu kuma sun ce ba ta tsinana komai sai da intanet. Kuɗin nan amana ce a hannuna, ba na son in yi abin da zan kasa kallon idon iyaye. Don Allah a ba mu shawara.
Daga wata shugabar makaranta, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka wa waɗannan iyaye da alheri, ya kuma taya ki riƙon amanar. Kowane ɓangare na malamanki yana da ƙamshin gaskiya, amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne inda aka ce kwamfutocin sun fito. Zan zo kansa, bari dai mu fara da ita kanta na'urar.

Chromebook kwamfuta ce da ke aiki da tsarin ChromeOS na kamfanin Google, a maimakon Windows da muka saba da shi. Kamfanonin Samsung da Acer ne suka fara fitar da ita kasuwa a shekarar 2011, daga baya HP da Dell da Lenovo da Asus suka bi sahu. An gina ta ne a kan cewa yawancin aiki za a yi shi a cikin burauzar Chrome, wato manhajar buɗe shafukan intanet, takardun da mutum ya rubuta kuma su zauna a rumbun ajiyar Google da ke intanet, ta yadda ita kwamfutar ba ta buƙatar inji mai ƙarfi ko babbar ma'ajiya. Daga nan arahar ta samo asali. Irin waɗanda ake saya wa 'yan makaranta galibi suna zuwa da RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke gudanar da aiki da ita) giga 4 da ma'ajiya giga 16 ko 32, kuma a mafi yawansu an liƙe waɗannan sassa a jikin injin, babu halin mai gyara ya ƙara miki su daga baya.

Makarantun Amurka sun rungume ta ne saboda ma'aikaci ɗaya yana iya kula da dubbanta daga kan kujerarsa, ya toshe shafukan da ba su dace da yara ba, ya ɗora manhaja a kan dukkansu lokaci guda, ya kuma kulle wadda ta ɓace. Manhajar Google Classroom ta raba wa ɗalibai aiki da karɓarsa, da ta fito a 2014, ta ƙara mata karɓuwa, sannan da annobar korona ta rufe azuzuwa a 2020 aka sayar da sama da miliyan 30 a faɗin duniya a shekarar kaɗai. Waɗancan makarantu suna da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet a kowane aji, da kasafin sauya na'urori duk bayan 'yan shekaru, kuma waɗanda suka sauya ɗin su ne suke cika kwantena suna isowa kasuwanninmu. To, banza ba ta kai zomo kasuwa, wajibi ne ki san dalilin da ya sa masu ita suka rabu da ita.

Dalili mafi yawa shi ne wa'adi. Kowane samfurin Chromebook yana da ranar da Google zai daina aiko masa da sabuntawar manhaja da tsaro, kuma ana ƙirga wa'adin ne daga lokacin da aka fitar da samfurin, ba daga ranar da ke kika saya ba. A da shekara biyar ne, aka mayar da shi shida da rabi, aka kai takwas. A watan Afrilun 2023 wata ƙungiyar kare haƙƙin masu sayayya ta Amurka mai suna PIRG ta fitar da rahoto tana kokawa da yadda makarantu ke jibge waɗannan kwamfutoci alhali jikinsu lafiya lau, kuma a watan Satumbar wannan shekarar Google ya sanar da cewa samfuran da suka fito daga 2021 zuwa sama za su riƙa samun sabuntawar shekara 10. Wasu daga cikin na kafin 2021 ana iya tsawaita musu, da yawa kuma nasu ya riga ya ƙare. Wadda wa'adinta ya cika ba ta mutuwa nan take, za ta kunnu, za ta yi rubutu, amma an daina toshe mata kafofin da masu kutse ke bi, burauzarta kuma tana tsufa a hankali har wasu shafuka su fara ƙin buɗewa. Tun da kusan dukkan aikinta a burauzar yake, tsufan burauza tsufan kwamfutar ne gaba ɗaya. Duba wannan rana ba ya cin minti biyu: a shiga saituna, a nemi sashen bayani game da ChromeOS, a buɗe ƙarin bayani, za a ga jadawalin sabuntawa da wata da shekara. Ki sa a duba miki a kowace guda, domin kaya ɗaya yana iya zuwa da samfura daban-daban. Duk wadda ba ta da ragowar aƙalla shekara huɗu, a ganina bai kamata kuɗin iyaye su shiga cikinta ba.

Akwai kuma maganar kulle. Na taɓa raka wani ɗan uwana wani shagon kayan hannu, aka miƙo mana wata ƙarama mai roba a gefe, jikinta fes, sai ɗan tabon sitikar da aka ɓamɓare a murfinta. Mai shago ya riga ya goge duk abin da ke cikinta, ta tashi cikin daƙiƙa kaɗan, muka haɗa ta da intanet ɗin waya, sai kawai ta nuna cewa wata hukumar makarantu ce ke kula da ita, kuma babu asusun da za ta karɓa sai na wannan hukumar. Gogewa ba ta cire wannan, domin rajistar tana ɗaure da lambar jikin na'urar, makarantar da ta yi rajistar ce kaɗai ke da ikon sakinta. Wasu masu gyara suna da dabarun kewaye shi, wasu ma su ɗora mata Windows da ƙarfin tsiya, sai ki samu sauti ya ɗauke ko wasu madannai sun daina aiki, ma'ajiyar kuma ta cika kafin a saka komai. Na'urar da masu ita ba su sake ta ba tana kuma tayar da tambayar ta wace hanya ta fito, kuma makarantar da ke tarbiyyar yara ba wurin irin wannan kaya ba ce. Ki ce wa ɗan kasuwar a goge kowace a gabanki, a haɗa ta da intanet, a shiga da asusun da ke kika kawo.

Yanzu sai batun da malamanki suke gardama a kansa. Cewa ba ta yin komai ba tare da intanet ba, an zarce gaskiya. Ana iya saita Google Docs da Sheets, manhajojin rubutu da lissafi, su yi aiki ba tare da shi ba, ana karanta littattafai da kallon darussan bidiyo daga filash, kuma tun 2016 aka fara ba ta damar ɗaukar manhajojin Android. Sai dai shigar farko ta kowane ɗalibi a kowace na'ura tana buƙatar intanet, haka sabuntawa, haka raba aiki da karɓarsa ta Classroom, kuma waɗannan su ne abubuwan da suka sa ta yi suna. Ƙaramar na'urar data irin ta aljihu ba za ta ɗauki yara 40 a lokaci guda ba. Za ki buƙaci layi mai ƙarfi da rauta (na'urar raba intanet) ta gaske da kuɗin data na kowane wata, kuma kin san tun watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Abin da aka rage miki a wurin saye, a nan za ki riƙa biyansa sannu a hankali. Ƙasar Indonesiya ta saya wa makarantunta irin waɗannan kwamfutoci fiye da miliyan ɗaya, kuma a binciken da masu gabatar da ƙara na ƙasar suka buɗe a 2025, cikin abubuwan da suka tayar har da cewa gwajin da aka yi tun farko ya nuna ba su da amfani sosai a yankunan da intanet ke da rauni.

Ba na son ki ɗauka kushe ta nake yi, domin tana da halayen da suka dace da mu ƙwarai. Batirin sabuwa yakan kai awa takwas zuwa goma, wato ranar makaranta guda ko da an ɗauke wuta, kuma ba ta cin wuta da yawa, ƙaramar sola da inbata za su iya ciyar da ita. Sababbin samfura suna caji da USB-C, don haka neman caja ba ya zama aiki. Bairos ɗin da ke yawo a filash yana durƙusar da ɗakunan kwamfutar makarantunmu, na Windows ne, ba ya kama ta. Idan yaro ya dagula saituna, a cikin 'yan mintuna ake mayar da ita kamar sabuwa. Duk wanda ya taɓa kula da ɗakin kwamfutar yara ya san darajar wannan.

Shawarata ita ce kada ki sayi 40 a tashi ɗaya. Ki karɓi uku ko huɗu waɗanda suka tsallake gwajin wa'adi da na kulle, ki ba malamin kwamfuta ya yi zango ɗaya yana koyarwa da su, ya rubuta adadin datar da suka ci da darussan da suka gagara. Ya gwada manhajar atisayen JAMB da kuke amfani da ita, tun da jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, domin da yawa daga cikin waɗannan manhajoji na Windows ne. Idan gwajin ya yi kyau, kuma makaranta za ta iya ɗaukar kuɗin intanet ba tare da sake komawa wa iyaye ba, ki sayi 25 ko 30, ki bar ragowar kuɗin ga sola da rauta da kayan gyara, ki kuma ajiye 'yan kaɗan masu Windows domin ɗalibai su san tsarin da za su tarar a ofisoshi. Ki tanadi kuɗin lasisin kulawa da ake biya sau ɗaya a kan kowace na'ura, domin in babu shi ba za ki samu ikon sarrafa su daga wuri ɗaya ba. Idan kuwa layin unguwarku yana zuwa yana ɗaukewa, to guda 20 ɗin nan masu Windows za su fi yi miki aiki, da sharaɗin su ma a tabbatar suna ɗaukar Windows 11, saboda Microsoft ya tsayar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ina da 'ya da za ta shiga jami'a bana, da ƙannenta uku a firamare da ƙaramar sakandare. Ƙarfina kwamfuta ɗaya ce. An nuna mini Chromebook sabuwa mai sauƙin kuɗi. Za ta ishe su duka?
Daga wani uba, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ga ƙannen uku za ta yi, har ma na fi son ta a hannunsu fiye da kowace. Kowane yaro zai shiga da asusunsa, kuma da manhajar Family Link kana iya ƙayyade masa lokaci da shafukan da zai buɗe daga wayarka. Kowane asusun Google yana zuwa da giga 15 kyauta, wanda ya ishi takardun ɗan makaranta.

Ita kuwa babbar, amsar tana wurin sashen da za ta karanta. Idan darussanta karatu ne da rubutu da bincike, za ta wadatu, sai dai ta saba da Google Docs ko Word na intanet, tun da cikakken Word da Excel irin na Windows ba sa hawa kanta, kuma wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan sauya idan aka kai takarda shagon bugawa, don haka ta riƙa mayar da ita PDF kafin ta tafi. Idan injiniyanci ne ko zanen gine-gine ko ƙididdiga, inda malamai za su ce a zo da AutoCAD ko SPSS, ko kuma tana son koyon CorelDRAW domin sana'a, kada ka saya mata, domin cikakkun waɗannan manhajoji ba sa aiki a kanta, kuma ƙarshenta za ka sake sayen wata. Ka sa ta tambayi 'yan aji biyu ko uku na sashen abin da suke amfani da shi kafin ka fitar da kuɗi.

Idan ka tsaya a kan Chromebook ɗin, ka nemi mai RAM giga 8 in da hali, kamar rukunin Chromebook Plus da aka fara fitarwa a 2023, wanda mafi ƙarancinsa giga 8 ne da ma'ajiya giga 128. Ka kuma tuna cewa idan ta tafi makaranta da ita, ƙannen sun koma babu. In akwai wata tsohuwar kwamfuta da ta yi nauyi aka jefa a kabad, Google yana da wani tsari kyauta mai suna ChromeOS Flex, wanda ya fito a 2022, da ake ɗorawa a kan tsofaffin kwamfutoci su koma aiki kusan kamar Chromebook, sai dai ba ya ɗaukar manhajojin Android. Mai gyara zai iya gwada shi daga filash kafin ya goge komai, ka ga ko sauti da kyamara da haɗin intanet suna aiki.