Ɗana, karen nan na kiwo ne, shanu ne ba shi da su

Saƙonka ya iso, ko da yake mahaifiyarka ta riga ka kawo ƙara. Abin da na fahimta daga bakinku ku biyu shi ne, abokin aikinka da aka yi wa canji daga Birnin Kebbi ya bar maka wani gajeren karen Turawa, corgi, yanzu watansa tara. Da yana kwikwiyo in an kira shi yana zuwa, yanzu ya kangare. Yana cizon dugadugan yara, yana korar awakin maƙwabta har bakin titi, kuma duk wanda ya yi sallama sai ya sha haushi. Hajiya ta ce a fitar da shi, abokanka sun ce sarƙa da bulala ne maganinsa, kai kuma kana tambaya ko al'adarmu ma ta yarda a riƙe kare a gida.

A ƙasar Kabi ba mu taɓa rabuwa da kare ba. Mafarauta na da nasu, masu gonar da ke nesa da gari na da nasu saboda birai, Fulani na da nasu a ruga. Kowanne da aikinsa, kowanne da wurin kwanansa a waje da kaskon cin abincinsa daban. Abin da iyayenmu ba su sani ba shi ne kare marar aiki, wanda ake ajiyewa don sha'awa ya hau kujera ya kwana a ɗaki. Don haka kada ka ɗauki maganar Hajiya a matsayin tsohon yayi. Abin da aka karantar da mu ke nan a Risala ta Ibn Abi Zaid: ba a riƙe kare a gida sai don gona, ko dabbobin kiwo, ko farautar da mutum ke neman abinci da ita. Hadisi kuma ya ce wanda ya riƙe shi ba don ɗayan waɗannan ba, ana rage masa lada kullum. Malamai da yawa sun haɗa gadin gida da waɗannan idan akwai bukata, kuma wannan ɓangaren ka zauna da malaminka a kai, kada ka tsaya ga maganar kawunka kaɗai.

Amma kada a zarce. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. In ya sa baki a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai don bin umarni, ba don ya taɓa rigarka salla ta ɓaci ba. Ka kuma tuna mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Tun da yana hannunka, ci da shansa da lafiyarsa suna wuyanka.

Yanzu bari in yi magana a matsayina na tsohon malamin dabbobi. Corgi daga yankin Wales na Birtaniya ya fito, kuma iri biyu ne, Pembroke da Cardigan, waɗanda aka raba rajistarsu a 1934. Ya yi suna ne saboda Sarauniya Elizabeth ta biyu ta riƙe fiye da 30 a rayuwarta, shi ya sa mutane ke zaton ɗan lelen fada ne. Asalinsa kuwa karen korar shanu ne. Yana bin saniya ta baya ya ɗan cije ta a dunduniya, in ta yi harbi sai ƙafar ta wuce ta kansa, don tsayinsa bai fi santimita 30 ba. To ka kawo shi gidan da babu saniya, sai yara masu guje-guje da ihu, me kake jira ya yi? Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ga shi kuma yana cikin balaga, wadda ke kama kare daga wajen wata shida har zuwa shekara ɗaya da rabi, lokacin da yake yin kamar bai taɓa jin sunansa ba.

Batun bulala, ka je ka kalli mafaraucin kirki da ƙaramin karensa. Da hannunsa yake ba shi abinci, kira ɗaya yake masa, kuma in an kama zomo nan take yake jefa masa rabonsa. Karen da aka saba duka, ana ɗaga hannu zai maƙale jela ya ɓuya, wata rana kuma in yaro ya ritsa shi a lungu ya yi cizo na gaske. Sarƙa yini guda ita ma hauka take ƙara masa.

Ka yi masa shinge a bayan gida inda akwai inuwa, nesa da zaure da inda ake salla, da ruwa kullum a kaskonsa. Bayan sallar asuba ka fita da shi da igiya ya yi tafiya mai kyau, haka ma gab da magariba. Da rana a'a. Gashinsa ninki biyu ne, na ƙasar sanyi, kuma ka san yadda Birnin Kebbi ke haura digiri 40 a Afrilu. Ka ɗora bayan hannunka a kwalta, in ba ka iya jurewa ba shi ma tafinsa ba zai jure ba. Kada ka aske shi, ka dai riƙa taje shi kana duba kaska a kunnuwa da tsakanin yatsu.

Horon kansa minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a rana, kafin ya ci abinci. Ka yanka dafaffen nama ƙanana, ka ce "zo", yana isowa ka ba shi a take. Haka "zauna", haka "bari". Kowa a gidan ya riƙe kalma ɗaya, ba wannan ya ce da Hausa wancan da Turanci ba. Kuma kada ka taɓa kiransa don ka hukunta shi, in ka yi gobe ba zai zo ba. Yara kuwa su ne rabin aikin. Ka nuna musu in ya biyo su su tsaya cak su naɗe hannu, kai kuma da igiya mai tsawo a hannunka ka janye shi ka jefa masa ƙwallo ya kora. Kora ce a jininsa, ba za ka cire ta ba, sai dai ka zaɓa masa abin da zai kora. Ragowar tuwo kullum ƙiba zai sa masa, ga bayansa dogo, ciwon baya na saurin kama su. Ban da albasa, ban da dafaffen ƙashin kaza.

Tun wannan makon ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare in ba a yi ba, ka adana katin. In haƙorinsa ya fasa fatar wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a wuce asibiti, kuma kuɗin magani naka ne. Maƙwabcin da aka kori awakinsa, ka taka da ƙafarka ka ba shi haƙuri kafin magana ta kai ga mai unguwa.

Gidan na Hajiya ne. Ka roƙe ta ta ba ka zuwa faɗuwar ruwa, ka nuna mata shingen. In lokacin ya yi ta ce har yanzu ba ta yarda ba, ko ka ga aikin ofis ba zai bar ka ka fita da shi safe da yamma ba, ka nemi mai gona ko mai garke da zai kula da shi ka ba shi kyauta, don an hana cin kuɗin kare. Kada dai ka kai shi bayan gari ka yar. Ka gaida Hajiya da yaran.