Yoyon da ba ya ɗiga: amsa ga wani mai gyaran firji a Garwa

Wani matashi da ke koyon gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a Garwa ya aiko mini da tambaya biyu. Ya ce kafin su ɗura gas sukan haɗa famfo su janye iskar da ke cikin bututu, sannan su duba wani ma'auni mai batir su ga ko akwai inda iska ke komawa ciki. A shagonsu da Faransanci ake kiran matsalar, "fuwit" suke cewa. Yana so ya san ko daidai ne ya ce "yoyo", tunda ba abin da ke zuba waje, ciki ma abin ke shiga. Na biyu, maigidansa ba ya son ma'aunin, kullum sai ya ce masa "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo". Shin karin maganar ta hau nan?

Ɗana, ka faɗi "yoyo" gabanka gaɗi. Saurari yadda muke magana: tulu yana yoyo, ɗaki yana yoyo. A tulu ruwa fita yake yi, a ɗaki kuwa shigowa yake yi ta rufi. Kalma ɗaya ce, kuma ba Bahaushen da ya taɓa ruɗewa. Dalili shi ne yoyo bai damu da inda abu ya nufa ba, laifin mazubi yake faɗa. Shi ya sa ba mu cika cewa ruwa yana yoyo ba. Ruwa yana ɗiga, yana tsiyaya, yana zuba, amma tulu da kwano da rufi da jirgin ruwa su ke yoyo. Kwalekwalen da ke kan Binuwai idan ya fara yoyo ai ruwan kogi ne ke shigarsa. Bututun da ka janye wa iska ɗan'uwan kwalekwalen nan ne, iskar duniya ta kewaye shi tana danna shi ta kowane gefe, tana neman kafa.

Kalmar da ba za ta yi maka ba ita ce "sace". Mukan ce taya ta sace, kumburi ya sace, wato abin da ya cika ya lotsa don abin cikinsa ya fita. Wannan hanya ɗaya gare ta. Mai faci zai iya amfani da ita, kai ba za ka iya ba.

Ga bambancin ramukan kuma, tunda aikinka a kansu yake. Huji abin da aka huda ne da tsini, kamar mai ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa ya soki bututu. Ɓula ta fi kusa da abin da tsatsa ko gogayya ta cinye. Tsaga doguwa ce, irin wadda girgiza ke haifarwa a bakin walda. Kafa ita ce na fi so a nan, domin tana nufin 'yar hanyar da abu ke samu ya wuce, ko da ido bai gan ta ba, kamar tsakanin noti da bakin bututu idan ba a ɗaure da kyau ba. Har a maganar mutane mukan ce "ya samu kafa". Iska ma haka take yi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya fi ba ni aiki: me za a kira wurin da aka raba shi da iska? Wasu sukan ce fanko. Ban yarda ba. Fankon ashana ba ashana a ciki, amma cike yake da iska. "Wayam" kuma abin da ido ya gani ne, ka leƙa ɗaki ka ga ba kowa. Ni dai wurin wanzami nake samun amsa. Idan zai yi ƙaho, yakan kifa shi a fata, ya zuƙe iskar ta ƙaramin bakin, ya toshe. Ƙahon ya kama, fata ta tashi a ciki. Da zarar iska ta samu kafa sai ya saki ya faɗi. Kakanninmu sun san wannan aiki tun ba a ƙera famfo ba, kuma kalmarsu "zuƙe". Lura da wasalin ƙarshe: zuƙa ɗan ja ne, zuƙe kuwa a kwashe duka, kamar sha da shanye. Don haka ka ce "mun zuƙe bututun", "zuƙar ba ta riƙe ba". Duk Bahaushen da ya ji zai gane.

Sai dai ba famfon da ke zuƙewa ƙarƙaf, kullum da ɗan saura, kuma wannan sauran shi ma'auni ke ƙirgawa. A 1643 wani Ba'italiye, Torricelli, ya nuna cewa nauyin iskar da ke kanmu yana iya ɗaga zaiba a cikin gilashi har kusan milimita 760. Idan aka raba kowace milimita gida 1,000, kowane kaso shi ne mikiron ɗin da kake gani a ma'auninka. Kenan iskar da muke shaƙa tana wajen mikiron 760,000, masu gyaran sanyi kuma sukan so su sauko zuwa 500. Agogo mai allura da ke jikin tiyo ba ya iya rarrabe 5,000 da 500, allurar ta riga ta kwanta a ƙarshe.

Yadda ma'aunin lantarkin ke gane abin ba sihiri ba ne. Marcello Pirani ya fito da dabarar a Jamus a 1906, yana aiki a masana'antar ƙwan fitila, inda dole a zuƙe iskar ƙwai kafin a rufe. Siririyar waya ce ake ɗumamawa da wutar lantarki a cikin wurin da aka zuƙe. Ka san yadda ake hura kunu don ya huce? Iska ke ɗauke zafi. Idan iska ta yi yawa wayar takan huce, idan ta ragu sai zafin ya zauna mata. Wayar ƙarfe kuwa, gwargwadon zafinta gwargwadon yadda take tauye wa lantarki hanya. Na'urar tana auna wannan tauyewa ta mai da ita lamba. Da yawa daga ma'aunan hannu na yau a kan wannan tunani suke, ko da abin da ke cikinsu ba waya ba ce irin ta da.

To sai ka rufe bawul tsakanin famfo da bututu, ka zuba wa lambar ido minti 10 zuwa 15. Idan ta ɗan hau ta tsaya a ƙasa, madalla. Idan ta hau sosai sannan ta tsaya cak a wani matsayi, yawanci danshi ne ya rage a ciki yana zama tururi, sai a ƙara zuƙa. Idan kuwa tana ta hawa ba tsayawa, yoyo ne. A ɗakunan bincike har wurin kafar sukan gano da wannan ma'auni: a fesa wani gas daban, kamar hiliyom, a kan mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, da ya shiga sai lambar ta zabura, domin kowane gas da irin yadda yake kwasar zafi. A shago irin naku an fi cika bututun da naitirojin a shafa ruwan sabulu a nemi kumfa. Kada ka shafa sabulu alhali bututun yana zuƙe, ba kumfar da za ka gani, ruwan ma ciki zai shige. Kuma ina roƙonka, kada a taɓa cika shi da iskar oksijin ta masu walda, haɗuwarta da man injin tana iya tarwatsa shi a fuskar mutum.

Yanzu karin maganar maigidanka. Ma'anarta ita ce wanda ke cikin hali ya fi na waje sanin inda yake masa ciwo, don shi ruwan ke ɗiga wa cikin dare. Akan faɗe ta ga mai shisshigi a sha'anin gidan wani. Maigidanka yana da gaskiya ta wani gefe, shekarun da ya yi sun koya masa mahaɗar da ta fi cin amana, kuma kada ka raina wannan, can za ka fara dubawa. Amma a tambaya: wa ke kwana cikin wannan ɗaki? Ba shi ba, ba kai ba. Ku biyun a waje kuke tsaye. 'Yar wayar nan ce kaɗai ke ciki, ita iskar ke taɓawa. In za a bi karin maganar sau da ƙafa, ma'aunin ne mai ɗaki. Ka faɗa masa haka cikin ladabi, bayan an tashi aiki, ba a gaban mai kaya ba.

Abin ya dame ni ne saboda na san abin da firji yake a Garwa da Marwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Mai sayar da ƙanƙara da mai kifi da ɗakin ajiye allurar rigakafi duk a kansa suka dogara. Kafar da aka bari za ta zubar da gas, danshin da aka bari kuma yakan daskare ya toshe siririn bututu, ya ɓata man injin.

Wata malamar makaranta daga Kuseri ta tambaya ko "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga" za ta yi wajen koya wa yara wannan darasi. Malama, za ta yi, ta ma fi ta ɗakin dacewa, tunda mai shigowa daga waje take nufi. Asalinta a kan zumunci ne, wato sai 'yan'uwa sun ɓata magabci ke samun shiga tsakani. Ki dai ƙara musu da cewa ƙadangare sai ya ga tsaga da idonsa, iska kuwa kafar da ta fi silin gashi ƙanƙanta ta ishe ta.