Amsa: Yadda za ki tsare lambunki a zafin bazara

Hajiya, kin ce tumatirinki na zubar da fure, fulawoyin kuma sun yi yaushi duk da ban-ruwan da kike yi. Ba laifinki ba ne. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, tumatir kuwa ba ya ɗaura 'ya'ya a irin wannan yanayi. Ki bar shi sai hunturu. Yanzu lokacin kuɓewa ne da alayyahu da yakuwa da lalo.

Ruwa ki ba su bayan asuba, ki zuba a gindi sosai har ya ratsa ƙasa, ba yayyafi a ganye ba. In ƙasar ta bushe, ki ƙara bayan la'asar. Sannan ki rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa. Tura yatsa ƙarƙashi da azahar, za ki ji danshi na nan.

Ki kafa rumfar zana ta ɓangaren yamma, don ranar yamma ta fi ƙona su. Fulawoyin da ke cikin baƙar roba kuma, mayar da su tukunyar ƙasa, ko ki ja su inuwar darbejiya. Takin zamani da ɗanyen kashin kaji, ki jinkirta su sai damina, yanzu ƙona saiwa za su yi.