Amsar Kawu kan haɗa tankin kifin ruwan gishiri

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana son kiwon kifin teku a gida da kuɗi kaɗan, kana tambaya ko dole ne ka bi al'adar masu wannan kiwo ta barin tanki fayau har makonni, kuma ko gishirin kasuwa zai wadatar. Tanki, matatar ruwa da duwatsu duk za ka iya haɗawa da hannunka. Gishiri, ruwa da jira kuwa, nan ba a tsimi.

Je wurin mai yankan gilashi ya yanka maka tsawo santimita 90, faɗi 45, tsayi 45, kauri milimita 10. Zai ɗauki kusan lita 180. Ka goge gefunan da sifirit, ka manne da silikon zalla. Wanda ake sa wa banɗaki akwai maganin fumfuna a cikinsa, shi ke kashe kifi sannu a hankali. Bar shi mako guda ya bushe, sannan ka cika shi da ruwan famfo a tsakar gida kwana biyu, ka ga ko yana yoyo. Idan ya cika nauyinsa ya haura kilo 220, teburin falo ba zai iya ba.

Matatar ƙasa, wadda ke zama a ƙarƙashin babban tankin ruwansa na gangarowa cikinta, tsohon ƙaramin tanki ne da za ka raba gida uku da gilashi: soso, duwatsu, sai injin da ke mayar da ruwa sama. Bututu na PVC kawai. Tagulla da jan ƙarfe guba ne ga jatan lande da murjani, baƙin ƙarfe kuma tsatsa zai yi. Ka huda ɗan ƙaramin rami a bututun dawowa, daidai ƙasan fuskar ruwa, kuma kada ka cika matatar fiye da rabi. In ba haka ba, ranar da aka ɗauke wuta bututun zai zuƙo ruwan tankin sama ya malale maka ɗaki.

Dutse kuwa, siminti awo ɗaya, dakakken ɓawon koɗin teku irin na masu abincin kaji awo huɗu, da ɗan gishiri mai manyan ƙwayoyi wanda zai narke ya bar ramuka. Bayan ya daskare, ka jiƙa shi a ruwan daɗi mako shida zuwa takwas kana sauya ruwan, har pH, wato awon tsami ko kanwar ruwa, ya sauko kusa da 8. Mai gaggawa a nan siminti ne zai ƙone masa kifi.

Gishirin miya ba ruwan teku ba ne. Babu kalsiyam da magniziyam yadda ake buƙata. Ka sayi haɗaɗɗen gishirin tanki, giram 35 zuwa 38 a kowace lita, ka auna har ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025. Gishiri ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa kan gishiri ba, a bokiti daban, ya kwana yana motsi. Ruwan ya zama tatacce na RO, wato wanda na'urar tacewa ta cire wa ma'adanai, don na rijiya da burtsatse kan haifar da gansakuka. Idan ruwa ya ragu, ruwan daɗi kaɗai za ka ƙara, domin gishiri ba ya bin tururi.

Wancan jiran da ka raina yana da dalili. Kashin kifi amoniya yake zama, ita kuwa guba ce ga kifi. Bakteriya ke mayar da ita naitirayit, shi ma guba, wasu kuma su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa, kuma sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su zauna a dutse. Jefa ɗan guntun jatan lande ya ruɓe ya samar da amoniya, ka riƙa gwada ruwan. Sai amoniya da naitirayit sun koma sifili za ka sa kifi biyu, ba goma ba.

Abin da ya fi damuna a kanka zafin bazara ne. Ruwan yana son digiri 25 zuwa 27. Fanka mai hura fuskar ruwa tana sauke digiri biyu ko uku, da hunturu kuma sai hita. Ka ajiye injin iska mai batir kusa da tankin, ka kuma sauya kashi goma cikin ɗari na ruwan da sabon ruwan gishiri duk mako. Ka gaida mahaifiyarka.