Amsa: kabeji ya ƙi dunƙulewa, karas ya yi rassa

Malam, ka ce kabejin da ka shuka a buhuna a bayan gidanka a Jos ya ƙi dunƙulewa, karas kuma ya fito da rassa.

Kada ka zargi sanyin Jos, kabeji sanyi yake so. Shi ya sa wanda aka dasa daga Oktoba zuwa Disamba ya fi kyau. Yawanci cunkoso ne ko inuwa ke hana shi dunƙulewa. Buhu ɗaya tushe ɗaya, a inda rana ke kai awa 6. In a ƙasa ne, bar tazarar santimita 45. Reni irin mako 4 zuwa 5, ka dasa da yamma idan ya yi ganye 4 ko 5. Riƙa leƙa ƙarƙashin ganye, domin in tsutsa ta cinye tsakiyar tun yana ƙarami, ba zai ƙara yin kai ba, gara ka tuge shi. Tsince ta da hannu, ka fesa ruwan ganyen darbejiya kowane mako.

Karas kuwa ba a dasa shi. Tsakuwa da ɗanyen kashin kaji ke sa shi rassa. Tankaɗe ƙasar, ka haɗa kashi 2 na ƙasa, 1 na yashi, 1 na ruɓaɓɓen taki, zurfin santimita 30. Bayan mako 3 ka rage tsiron, tazarar santimita 5.

Huda gindin buhun. Iskar hunturu na saurin busar da shi, don haka ba shi ruwa kowace safiya.