Amsa: Me ke sa tantanin shuka ya zama bututun ruwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tantanin da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye mutuwa yake don tsufa. A'a, umarni ne daga ƙwayoyin gado, kuma a tsare yake.

Masu bincike a Japan sun nuna a 2005, a kan ƙaramar shukar Arabidopsis, cewa ƙwayoyin gado biyu, VND6 da VND7, su ne manyan makunnai. Da suka kunna su a tantanin da ba ruwansa da jigilar ruwa, sai ya rikiɗe ya fara zama bututu. VND7 ya fi haifar da bututun farko mai zobe-zobe, wanda ke iya miƙewa yayin da saiwa ke tsawo. VND6 kuwa ya fi haifar da bututun da ke zuwa daga baya, mai kaurin bango.

VND6 da VND7 ne ke tayar da wasu ƙwayoyin gado, MYB46 da MYB83, waɗanda ke sa a gina wa tantanin bango na biyu da selulos da lignin, sinadaran da ke ba itace ƙarfi. Wannan bangon ba ado ba ne: idan ya yi rauni, ƙarfin tsotson ruwa daga ganye sai ya lotsa bututun. Bayan an gama gini, sinadarai irin su XCP1 da XCP2 su narkar da abin da ke cikin tantanin, ya mutu, a bar rami fayau.

Abin da ya fi burge ni shi ne birkin. Wani ɗan furotin, TDIF, yana fitowa daga ɓangaren jijiyoyin da ke jigilar abinci a cikin shuka, ya hana wasu tantanai zama bututu da wuri, don su ci gaba da rarrabuwa kara ya yi kauri.